Anna Vyakhireva da Ma'aunin Shahara a Ƙwallon Hannu na Mata

Gabatarwa

Ranar 20 ga Agusta, 2016, a birnin Rio de Janeiro na Barazil, 'yan matan Rasha suka doke Faransa da ci 22 da 19, suka ɗauki lambar zinare ta ƙwallon hannu a gasar Olamfik. Da aka zo zaɓen wadda ta fi kowa taka rawa a gasar, sai aka tsaya a kan wata bahaguwa 'yar shekara 21, mai tsayin santimita 168, a wasan da aka saba ganin dogaye ne ke jan ragamarsa. Sunanta Anna Vyakhireva. Bayan shekara biyar, a Tokiyo, Faransa ta rama, ta ci Rasha 30 da 25 a wasan ƙarshe. Zinare ya tafi Faransa, amma kambin gwarzuwar gasa ya sake komawa hannun Vyakhireva.

Wanda ya ji wannan tarihi zai ɗauka cewa sunanta ya gama duniya. Ba haka abin yake ba. Masu horarwa da masu sharhin wannan wasa a Turai suna sa ta cikin ƙwararrun da ba a cika samun irinsu ba, amma da zarar an fita daga wannan da'ira sai a rasa wanda ya taɓa jin labarinta. Ko a Rasha ba ita ce take zuwa bakin mutane ba idan ana lissafa fitattun mata 'yan wasa. Wannan takarda tana bin rayuwar wasanta ne domin ta nuna inda wannan giɓi ya samo asali. Abin da take son tabbatarwa shi ne: gwaninta ita kaɗai ba ta isa ta ɗaga sunan ɗan wasa ba, sai an samu dandalin da ake ganinsa a kai a kai, kuma dandalin Vyakhireva ƙarami ne tun farko, sannan aka rufe rabinsa a daidai lokacin da take ganiyarta.

Gidan da ta taso

An haifi Anna Vyakhireva ranar 13 ga Maris, 1995, a Volgograd, birnin da ke bakin kogin Volga. Mahaifinta, Viktor Vyakhirev, mai horar da 'yan ƙwallon hannu ne. Yayarta Polina, wadda aka fi sani da Polina Kuznetsova bayan aurenta, ta girme ta da shekara takwas, kuma ta riga ta ci kofin duniya da tawagar Rasha tun Anna tana yarinya. Polina tana buga gefen hagu, Anna kuwa ɓangaren dama. A Rio su biyun suka hau mumbarin karɓar zinare tare.

Kasancewarta bahaguwa ba ƙaramin abu ba ne a wannan wasa. Filin ƙwallon hannu mita 40 ne a tsayi, 20 a faɗi, kowace ƙungiya da 'yan wasa bakwai, kuma ba a yarda kowa ya taka da'irar mita shida da ke gaban raga ba sai mai tsaronta. Wanda yake tsaye a dama, idan da hannun dama yake jifa, kusurwarsa takan matse, domin hannun yana can wajen layi. Bahago kuwa hannun jifansa yana fuskantar tsakiyar fili, raga a buɗe take gare shi. Shi ya sa kowace ƙungiya take neman bahagwai ruwa a jallo domin guraben dama guda biyu, na gefe da na baya. Vyakhireva ta buga duka biyun. An fara saninta a gefe, inda gajarta ba ta zama cikas ba, daga baya ta koma baya, inda aka saba ajiye masu tsayi da ƙarfin jifa daga mita tara. Ita ba ta jifa ta saman kawunan masu tsaro. Sauri take amfani da shi da yaudarar jiki: ta nuna za ta bi hagu, mai tsaro ya karkata, ta ratsa ta dama, ko kuma ta jawo mutum biyu kanta ta miƙa wa wadda aka bari ita kaɗai. Wannan miƙawar ita ce masu horarwa suka fi yabawa, kuma ita ce ba ta fitowa a allon ƙidayar ƙwallaye.

Ta fara buga wa manya a ƙungiyar Zvezda ta garin Zvenigorod, kusa da Mosko, ta koma Astrakhanochka a 2014, inda suka ci gasar Rasha a 2016. A wannan shekarar ta shiga Rostov-Don.

Gadon da ta tarar

Tawagar da ta shiga ba baƙuwar nasara ba ce. Tun da aka shigar da ƙwallon hannu na mata cikin Olamfik a 1976, Tarayyar Sobiyet ce ta ci zinare biyun farko, a Montreal da kuma Mosko a 1980. Sai dai ƙashin bayan waccan tawaga ƙungiyar Spartak ta birnin Kyiv ce, ƙarƙashin mai horarwa Igor Turchin, da fitacciyar 'yar wasa Zinaida Turchyna. Wato gadon zamanin Sobiyet ya fi karkata ga Yukiren ta yau fiye da Rasha. Rasha ta gina nata ne daga baya, a hannun Yevgeni Trefilov, mutumin da ya yi suna wajen tsawa da daka wa 'yan wasa ihu a bakin fili. A ƙarƙashinsa Rasha ta ci kofin duniya sau huɗu cikin shekara tara: 2001, 2005, 2007 da 2009. Zinaren Olamfik ne ya gagara. A Beijin, a 2008, Nowe ta lallasa su 34 da 27 a wasan ƙarshe.

Rio kuwa sun je ne cikin mawuyacin hali. Rahoton McLaren kan shan ƙwayoyin ƙara kuzari da hukumomin Rasha suka ɗaure wa gindi ya fito makonni kaɗan kafin gasar, an kuma hana 'yan guje-guje da tsalle-tsalle na ƙasar shiga. An bar 'yan ƙwallon hannu su buga. Wasa takwas suka yi, takwas suka ci. A zagayen 'yan takwas sun haɗu da Angola, wadda ta ba su wahala kafin a tashi 31 da 27. Wasan da masu sha'awar ƙwallon hannu suke tunawa har yau shi ne na kusa da na ƙarshe da Nowe, mai riƙe da zinaren 2008 da na 2012. Minti sittin suka cika ba wanda ya yi galaba, aka shiga ƙarin lokaci, aka tashi 38 da 37. Ƙwallo ɗaya ce ta raba gardama. Wannan shi ne zinaren Olamfik na farko da matan Rasha suka ci a wannan wasa da sunan ƙasarsu, kuma shi kaɗai ne zinaren da Rasha ta samu a Rio a wasannin ƙwallo na ƙungiya.

Shekarun ganiya

Daga 2016 zuwa 2021 da wuya a samu babbar gasa da Rasha ta kai ƙarshenta ba tare da sunan Vyakhireva ya fito a jerin zaɓaɓɓu ba. A gasar Turai ta 2018, wadda aka yi a Faransa, Rasha ta kai wasan ƙarshe, mai masaukin baƙi ta ci su 24 da 21 a Paris, aka zaɓe ta gwarzuwar gasa. A kofin duniya na 2019 a Japan, lokacin da Ambros Martín ɗan Sifaniya ya karɓi tawagar daga hannun Trefilov, Holan ta fitar da su da ƙwallo ɗaya a wasan kusa da na ƙarshe, suka doke Nowe suka ɗauki tagulla, ita kuma ta shiga jerin 'yan wasa mafiya ƙwazo na gasar. A ɓangaren ƙungiya, Rostov-Don ta ci kofin hukumar Turai, EHF, a 2017, ta kuma kai wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai a 2019, inda Győr ta Hangari ta tsira da ci 25 da 24 a Budapest.

Tokiyo ita ce gasar da ta fi nuna nauyin da take ɗauka. Saboda hukuncin da aka yanke wa Rasha kan batun ƙwayoyi, tawagar ta shiga ne da sunan kwamitin Olamfik na ƙasar, ba tuta, ba taken ƙasa. Sun fara da kunnen doki da Barazil, 24 da 24, sannan Suwidin ta yi musu dukan kawo wuƙa, 36 da 24. Mutane da yawa sun cire rai da su. Sai suka farfaɗo, suka ci sauran wasannin rukuni, suka fitar da Montenegro, suka sake karo da Nowe a wasan kusa da na ƙarshe, suka sake cin ta da ƙwallo ɗaya, 27 da 26. Faransa ce ta tare su a ƙarshe ranar 8 ga Agusta, 2021, a filin Yoyogi wanda annobar korona ta sa ba 'yan kallo a cikinsa.

Abin lura a nan shi ne, sau biyu, a 2018 da 2021, aka ba ta kambin gwarzuwar gasa alhali ƙungiyarta ce aka ci a wasan ƙarshe. Masu zaɓe sun tsallake 'yan wasan da suka ɗaga kofi suka zo kanta. Babu shaidar da ta fi wannan ƙarfi a kan yadda masana wasan suke kallonta.

Jim kaɗan bayan Tokiyo, tana da shekara 26, ta ba da sanarwar dakatar da wasa. Ta bayyana cewa ta gaji, jiki da zuciya. Wanda ya san yadda kakar wannan wasa take ba zai yi mamaki ba: gasar cikin gida, gasar Zakarun Turai, sannan kowace Disamba akwai kofin duniya ko na Turai, a wasan da kullum ake gwabza jiki da jiki a kan daɓe mai tauri. Ta dawo Rostov-Don bayan wasu watanni.

Inda ma'aunin ya karkace

Hukumar ƙwallon hannu ta duniya, IHF, tana ba da kambin gwarzuwar shekara. Shi ne kambin da jaridu suke ɗauka, shi ne kuma yake shiga kanun labarai a ƙasashen da ba su damu da wasan ba. A 2016, shekarar zinaren Rio, Cristina Neagu ta Romaniya ce ta samu, duk da cewa Romaniya ba ta fita daga rukuni ba a Rio. A 2018 ma Neagu ce. A 2019 Stine Oftedal ta Nowe, a 2021 kuma mai tsaron ragar Danmak, Sandra Toft. Ba wanda zai ce waɗannan mata ba su cancanta ba. Neagu ta shafe shekaru tana ɗauke da tawagar ƙasarta kusan ita kaɗai, ta dawo daga raunuka masu tsanani na kafaɗa da gwiwa, kuma ƙwallayen da ta zura a gasar Turai sun kafa tarihi. Amma abin tambaya yana nan: ta yaya wadda aka zaɓa mafificiya a Olamfik sau biyu a jere ta wuce duk waɗannan shekaru ba ta zama gwarzuwar shekara ba?

Amsar ba ta tsaya kanta ita kaɗai ba. A shekaru huɗun da Rasha ta ci kofin duniya, kambin ya tafi ga Cecilie Leganger ta Nowe a 2001, Anita Görbicz ta Hangari a 2005, Gro Hammerseng ta Nowe a 2007, da Allison Pineau ta Faransa a 2009. Ba 'yar Rasha ko ɗaya. Wannan ya nuna tsari ne daɗaɗɗe. A wannan kambi masu kallo suna da ta cewa ta hanyar ƙuri'a a intanet, kuma masu kallon ƙwallon hannu na mata sun fi taruwa a Nowe, Danmak, Hangari, Romaniya, Montenegro da Faransa. A Nowe, wasannin tawagar mata na watan Disamba suna cikin abubuwan da aka fi kallo a talabijin. A Romaniya, Neagu tana cikin sunayen da kowane gida ya sani. 'Yar wasan da take buga gasar Rasha kuwa, a garuruwa irin su Rostov, Togliatti da Astrakhan, waɗannan masu ƙuri'a ba sa ganinta sai ranar da ta zo ta fitar da ƙasarsu daga gasa.

A cikin gida ma gasa ce mai zafi ta neman hankalin jama'a. Ƙwallon ƙafa da hoki na kan ƙanƙara su ne suka mamaye shafukan wasanni a Rasha. A ɓangaren mata, masu rawa a kan ƙanƙara irin su Alina Zagitova da Evgenia Medvedeva, da 'yar tanis Maria Sharapova, su ne kamfanoni suke bi da kwangilar talla. Duk waɗannan wasannin mutum ɗaya ne, kyamara tana kan fuska ɗaya daga farko har ƙarshe. A ƙwallon hannu mutum goma sha huɗu ne a fili suna kai da komo, kuma ana iya zura ƙwallo hamsin ko sittin a wasa guda, don haka ba ƙwallo ɗaya da za ta tsaya a zukatan mutane kamar yadda take tsayawa a ƙwallon ƙafa.

Misali mafi kusa yana cikin garinsu. Volgograd ita ce mahaifar Yelena Isinbayeva, gwanar tsalle da sanda, mai zinaren Olamfik na 2004 da 2008, wadda ta tsallake mita 5.06 a 2009. A Rio an hana Isinbayeva yin gasa tare da sauran 'yan guje-guje da tsalle-tsalle na Rasha. Duk da haka ta je birnin, aka zaɓe ta cikin kwamitin 'yan wasa na hukumar Olamfik ta duniya, ta kuma ba da sanarwar ritayarta a can. A makon da 'yar garinsu take jagorantar tawaga zuwa zinare, kafofin labaran duniya sun fi magana a kan wadda ba ta yi tsalle ko ɗaya ba. Wannan ba laifin Isinbayeva ba ne, domin ta gina sunanta da guminta. Yana dai nuna bambancin girman dandalin da kowacce ta samu kanta a kai. Gwamnatin Rasha ta karrama 'yan ƙwallon hannun kamar yadda ta karrama sauran masu zinare, amma karramawar fadar gwamnati ta rana ɗaya ce, ba ta cika filin wasa da 'yan kallo a mako mai zuwa.

Bayan an rufe ƙofa

A watan Fabrairu na 2022 Rasha ta mamaye Yukiren. Cikin 'yan kwanaki hukumar Turai, EHF, da ta duniya suka dakatar da tawagogin Rasha da ƙungiyoyinta daga gasanninsu. Wajibi ne a faɗa a fili cewa asarar 'yar wasa ba ta kama ƙafar asarar waɗanda aka kashe ko aka raba da gidajensu a Yukiren ba, ciki har da 'yan wasan ƙasar da yaƙi ya tarwatsa ƙungiyoyinsu. Amma tunda batun wannan takarda shahara ce, dole a ƙidaya abin da dakatarwar ta ɗauke. Vyakhireva ta cika shekara 27 a watan Maris na wannan shekara. Daga nan Rasha ba ta buga gasar Turai ta 2022 ba, ba ta buga kofin duniya na 2023 ba, ba ta je Olamfik na Paris a 2024 ba, inda Nowe ta doke Faransa ta ɗauki zinare. Waɗannan su ne shekarun da 'yar ƙwallon hannu take haɗa ƙarfin jiki da gogewa, kuma waɗannan gasannin ne kaɗai lokacin da mutumin da ba ya bin wasan yake tsayawa ya kalla.

Abin da ya rage mata shi ne ƙungiya, don haka ta bar Rasha. A tsakiyar 2022 ta koma Vipers ta garin Kristiansand a kudancin Nowe, ƙungiyar da ta ci gasar Zakarun Turai a 2021 da 2022. Gurbin da ta je cikewa na Nora Mørk ne, bahaguwar Nowe da ta koma Esbjerg ta Danmak, ɗaya daga cikin waɗanda ta yi ta gwabzawa da su a Rio da Tokiyo. A kakarta ta farko Vipers ta sake cin kofin, karo na uku a jere, bayan ta doke Ferencváros 28 da 24 a Budapest a gaban mutum fiye da 20,000, adadin da ba a taɓa tarawa a wasan ƙwallon hannu na mata ba kafin ranar. Vyakhireva aka zaɓa gwarzuwar zagayen ƙarshe. Kofin da ya kuɓuce mata da ƙwallo ɗaya a 2019 ya shigo hannu a birnin da ta rasa shi. A kakar da ta biyo baya ita ce ta fi kowa zura ƙwallo a gasar.

Wannan zango ya tabbatar da hujjar takardar ta wata fuska. Salon wasanta bai canza ba tsakanin Rostov da Kristiansand. Masu kallonta ne suka canza. Mutanen Nowe da suka san ta a matsayin wadda ta hana su wasan ƙarshe na Olamfik sau biyu sun koma suna ganinta kowane mako cikin rigar ƙungiyarsu, kuma sunanta ya ƙara ƙarfi a yammacin Turai a daidai shekarun da ba ta buga wa ƙasarta babbar gasa ko ɗaya ba. Sai dai wannan sanin ya tsaya a cikin masu bin gasar ƙungiyoyi. Kambin gwarzuwar shekara na 2023 da na 2024 ya tafi ga Henny Reistad ta Nowe, wadda take da dandali biyu, na ƙungiya da na ƙasa, kuma ta yi amfani da su yadda ya kamata.

Shi kansa dandalin ƙungiyar ba mai ƙwari ba ne. A 2024 Vyakhireva ta koma Brest ta Faransa. 'Yan watanni bayan tafiyarta, a Janairun 2025, Vipers ta durƙushe saboda bashi, aka rufe ta, ƙasa da shekara biyu bayan kofinta na uku na Turai. Idan ƙungiyar da ta fi kowace nasara a nahiyar a waɗannan shekaru za ta rasa kuɗin biyan albashi, to ana iya gane ƙanƙantar kasuwar da ake sa ran za ta tallata sunan 'yan wasanta. Gasar Olamfik ta gaba, ta Los Angeles a 2028, za ta samu Vyakhireva tana da shekara 33, kuma hanyar samun gurbi a cikinta tana bi ne ta kofin duniya da gasar Turai, waɗanda aka dakatar da Rasha daga cikinsu a 2022.